Ƙofa da Jakada: Tarihin Yadda Saƙo Ke Ƙetare Iyaka

Isar da saƙo iri uku ce. Akwai aike, wato mutum ɗaya ya tura wa mutum ɗaya magana. Akwai shela, wadda ake yi wa duk mai kunne, ta shafe shi ko ba ta shafe shi ba. Na ukun ya fi su wuyar sha'ani: magana ta fito daga baki ɗaya, ana so ta kai ga wani rukuni na jama'a su kaɗai, alhali 'yan rukunin a warwatse suke cikin garuruwa, wasunsu ma a ƙarƙashin wani mai mulki daban. Injiniyoyin intanet suna ce wa wannan maltikas, da Hausa kuwa saƙon rukuni ya wadatar. Muddin masu karɓa suna ƙasa ɗaya, a hannun hukuma ɗaya, abin yana tafiya. Da zarar saƙon ya iso bakin iyaka sai tambayoyi su taso: wa ya aiko shi, ta wace ƙofa zai shiga, wa zai ɗauki nauyin raba shi a wancan gefen. Sarakunan ƙarni na 19 sun yi fama da waɗannan tambayoyi, gidajen waya sun yi, masu haɗa kwamfutoci ma sun shafe shekaru talatin a kansu.

Kudancin Jigawa ƙasar bakin iyaka ce tun asali. Farin Dutse na cikin Ƙaramar Hukumar Gwaram, wadda ta kutsa cikin Jihar Bauchi kamar harshe, Birnin Kudu kuma na kan hanyar da ta taso daga Kano ta Wudil. Kafin a ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta 1991 duk yankin ƙasar Kano ne, kuma a zamanin Daular Sakkwato nan ne gefen Kano na kudu maso gabas, inda ta yi kafaɗa da ƙasar Katagum ta wajen Shira, da ƙasar Bauchi, da duwatsun Ningi. Mutum na iya fita fatauci da asuba ya yi azahar a ƙasar wani sarki.

Mafi tsufan abin da ke kai amo nesa a yankin dutse ne. A 1955 Bernard Fagg, masanin kayan tarihi, ya ci karo da duwatsu masu amo na Birnin Kudu, waɗanda mutanen gari suka daɗe da sani, kusa da zanen shanun da ke jikin Dutsen Mesa da Dutsen Habude. In an buga su da ɗan dutse sukan yi ƙara kamar ƙarfe, kuma guraben da bugu ya lotsa a jikinsu sun nuna hannaye da yawa sun wuce ta nan. Tambari da kuge da gangar gangami da bindigar da ake harbawa daren ganin wata duk 'yan gida ɗaya ne da waɗannan duwatsu: iyakarsu iyakar kunne. Abin da ke ƙara musu tsawo shi ne kasuwa. Ranar kasuwa, in rana ta take, mai shela yakan tsaya inda 'yan hatsi da mahauta za su ji shi, ya yi ta bugu har hayaniya ta lafa, ya ce sarki ya gaishe ku, sannan ya zuba magana: a kawo haraji, a ɗaure dabbobi shuka ta fito, an tsinci jaki mai shi ya zo da shaida. Da yamma kowa ya koma ƙauyensu da ita a baki. Matan da ke cikin gida su ji daga yara 'yan talla. Da yake kasuwannin karkara kowace da ranarta, kafin mako ya zagayo maganar ta gama ƙasa.

Abin da ya yi nisa, ko wanda ba a so kowa ya ji, aikin jakada ne. Kafin zuwan Turawa yawancin hakiman Kano a birni suke zaune kusa da sarki, garuruwan da ke hannunsu kuwa a warwatse, wannan a gabas wancan a kudu. Wasu sarakuna, irin na Rano da Gaya da Dutse da Ƙaraye, da Sarkin Kudu a Birnin Kudu, suna zaune a ƙasashensu. Kowane hakimi na da jakadu, bayi ko barori, kowane jakada da garuruwan da ya sani kamar tafin hannunsa. Umarni ya fito daga fada sau ɗaya. Hakimai su ji, kowa ya faɗa wa jakadunsa, jakada ya ɗaura sirdi ya sauka ƙofar gidan dagaci, dagaci ya tara masu unguwanni. Sarki bai maimaita maganarsa sau dubu ba. Maganar ce take yin rassa, tana ninkuwa a duk inda hanya ta rabu, kuma ba ta bin reshen da babu mai jiran ta.

Sarautun sana'a sun ƙara wa tsarin kyau. In fada na bukatar ƙarfen ƙofar gari ko kawunan masu, ba sai an tayar da gari duka ba. A faɗa wa Sarkin Maƙera, shi ya san maƙeransa. Haka mahauta ta hannun Sarkin Pawa, wanzamai ta hannun Sarkin Aska. Mai aiko da saƙon bai san sunan maƙerin da ke bugu a wani lungu na ƙasar Gwaram ba, ba ya kuma bukatar sani, sunan rukunin kawai ya ambata. Wanda ya shiga sana'a ya kai gaisuwa ga sarkinta ya shiga cikin masu ji, wanda ya bar ta ya fita. Wannan shi ne saƙon rukuni tsantsarsa.

Tsarin yana da wata ƙa'ida da ba a rubuta ba, wadda kuma ita ce ƙashin bayansa. Ana gane gaskiyar umarni ne daga hanyar da ya biyo. Dagacin da baƙuwar fuska ta zo masa da cewa sarki ya ce, ba ta hannun jakadan da ya saba ba, yana da hujjar ya dakata ya bincika. Aibinsa ma daga nan ya fito, domin wanda hanya ɗaya tilo ta bi ta hannunsa ya sami abin ci. An sha kuka da jakadun da ke ƙara wa magana gishiri in za su sauka, su rage wa haraji nauyi in za su koma.

Duk wannan a cikin gida ne. Sarkin Kano ba shi da ikon tura jakada ya yi shela a Shira, haka Sarkin Katagum a Gwaram, ko da kuwa garuruwan suna jin ƙarar gangar juna. Masarautun daular kowace na cin gashin kanta, da alƙalanta da harajinta da dakarunta. Abin da ya haɗa su shi ne Sakkwato, kuma a Sakkwato kowace masarauta tana da ƙofa, wato wani babba a fadar Sarkin Musulmi wanda al'amuranta ke bi ta hannunsa. Waziri ne ƙofar Kano da Zazzau. Manzon Kano gidansa yake sauka, wasiƙun da za su Kano daga hannunsa suke fita, kuma shi yake zuwa rangadi ko naɗin sarki. Masarautun yamma, irin su Nupe da Ilori, ta Gwandu suke bi. Wasiƙun da Larabci ake rubuta su, da hatimin mai aikowa a kai. Waɗanda Turawa suka samu a gidan Waziri Buhari a 1903, aka buga fassararsu a 1927, sun nuna irin zirga-zirgar da ke tsakanin fadojin. Umarnin da ya shafi daula duka, kamar kiran yaƙi, ba shela ɗaya ake yi masa daga Sakkwato zuwa Adamawa ba. Kowane sarki a rubuta masa tasa wasiƙar, shi kuma ya sake fitar da maganar da muryarsa, ta jakadunsa. A bakin iyaka saƙon rukuni yakan koma aike, sai ya shiga gida ya sake yin rassa.

Inda babu ƙofa kuwa, kusanci ba ya amfana komai. Ningi na nan kudu da Birnin Kudu, amma tun da Malam Hamza da jama'arsa suka bar Tsakuwa suka shige duwatsu a shekarun 1840, ƙasar ta zama wajen daula. Hare-haren Ningawa sun addabi kudancin Kano shekaru masu yawa, Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi ya sha ɗaura musu yaƙi, kuma labarin da ke ratsa wannan iyaka sai dai ta bakin fatake da 'yan leƙen asiri da waɗanda suka tsere. Sakkwato mai tafiyar kwanaki ta fi Ningi kusa ta fuskar magana. Ƙofar da ke buɗe ma tana iya rufewa: Sarkin Haɗeja Buhari ya yanke hulɗa da Sakkwato har rasuwarsa a 1863. Lokacin Basasar Kano ta 1893 kuma wata cuta daban ta bayyana, umarni biyu da sunan sarauta ɗaya, na Sarki Tukur daga birni da na Yusufawa masu adawa da shi daga Takai, maƙwabciyar Birnin Kudu. Dagatan kudu maso gabas sai da kowannensu ya zaɓi jakadan da zai buɗe wa ƙofa, kuma kuskure a wannan zaɓi na iya cin gari.

Turawa sun ci Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903. Tsakanin 1907 da 1908, zamanin Razdan Cargill, aka tattara garuruwan da ke warwatse aka mayar da su gundumomi masu iyaka ɗaya, aka tura hakimai su zauna a cikinsu, jakadu suka rasa gurbi. Masinja da takarda suka maye. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, amma dogo bai taɓa biyowa ta Birnin Kudu ba, don haka wasiƙar yankin a mota take zuwa, kafin nan a ka. Gidan waya ya zo da wata dabara ta ƙetare iyaka da ta cancanci yabo. Yarjejeniyar da aka ƙulla a Bern ta Suwizalan a 1874 ta ɗauki ƙasashen da suka shiga a matsayin ƙasa ɗaya wajen wasiƙa: mai aikawa ya manna kan sarki sau ɗaya a garinsu, kowace ƙasa ta ɗauki wasiƙar 'yar'uwarta ta kai. Da haka takardar ɗan Gwaram take samun ɗan'uwansa a zangon Kumasi ko a Sudan kan hanyar Makka. An gina abin a kan zaton cewa kowace wasiƙa za ta jawo amsa, nauyi ya daidaita. Da aka ga wasu ƙasashen karɓa suke yi fiye da aikawa, sai a 1969 aka shigo da biyan kuɗin sauke kaya.

Rediyo ya dawo da shela da ƙarfin da mai kuge bai taɓa mafarki ba. Akwatin rediyo mai waya ya shiga Kano a 1944, Sashen Hausa na BBC ya fara ranar 13 ga Maris 1957, Rediyon Kaduna ya biyo a 1962. Iska ba ta san iyakar lardi ba, ba ta neman izinin ƙofa. Labarin ganin wata, wanda a da yakan sa gari ya tashi da azumi maƙwabcinsa na cin tuwon rana, ya koma isa ko'ina a dare ɗaya. Har aike ma ya hau bayan shela: a shirin Zaɓi Sonka mutum ɗaya ake gaisarwa, Arewa duka na saurare. Lokacin labaran ƙasa kuma, da tashoshin jihohi ke ajiye shirye-shiryensu su haɗa layi da babbar tasha, an sake ganin tsohon tsarin rassa, murya ɗaya daga tushe, kowace tasha ta ninka wa mutanenta.

Wayar salula ce ta sa talaka ya ɗanɗani matsalar iyaka da hannunsa. Kafin 2001 layukan NITEL a ƙasar duka ba su kai rabin miliyan ba, kuma kusan dukkansu a manyan birane. A Janairun 2001 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta yi gwanjon lasisi a kan dala miliyan 285 kowanne, MTN da Econet suka fara aiki a Agusta, Glo ya shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa. A lokacin, kiran layi ɗaya yana shiga da sauƙi, kiran wani layin kuwa ya fi tsada, sau da yawa ma ba ya shiga, domin mahaɗar kamfanonin ƙunci gare ta kuma rigimar bashin da ke tsakaninsu ba ta ƙarewa. Shi ya sa aka ga ɗan kasuwa da waya biyu ko uku a aljihu, kowace da mutanen da ake samu ta cikinta, kuma a ƙauye aka san tudu ko bishiyar da ake hawa a kamo sabis. Dokar sadarwa ta 2003 ta wajabta wa kamfanoni haɗa layi da juna, a 2013 kuma aka ba mutum damar sauya kamfani da lambarsa.

Intanet ma ba ƙasa ɗaya ba ce. Gundumomi ne fiye da 70,000, kowace a hannun kamfani ko jami'a ko hukuma, kowace da lambarta. Na Afirka cibiyar AFRINIC da ke tsibirin Morishus ce ke ba su tun 2005. A cikin gunduma mai ita ke tsara hanyoyi yadda ya so. A bakin iyaka akwai na'urorin da ake kira rauta, masu magana da takwarorinsu na maƙwabta da wata ƙa'ida mai suna BGP, wadda aka fara rubutawa a 1989. Abin da suke faɗa wa juna bai wuce wannan ba: ta wurina ana isa adireshi kaza, kuma ga gundumomin da za a ratsa. Adireshin da babu wanda ya yi shelarsa, ko da na'urar tana aiki lafiya, daidai yake da babu. Kafin a kafa mahaɗar IXPN a Legas a 2006, saƙo tsakanin kamfanoni biyu na gari ɗaya yana iya zagayawa ta Landan ya dawo, kamar yadda a da ƙarar Gwaram a kan Shira take zagayawa ta Sakkwato. Tsarin kuma a kan yarda yake tsaye. Ranar 12 ga Nuwamba 2018 wani kuskuren saiti a kamfanin MainOne na Legas ya sa ya yi shelar hanyoyin Google ga maƙwabcin da bai kamata ba, maganar ta bazu, zirga-zirgar masu neman Google daga wasu sassan duniya ta karkata ta Rasha da Sin har tsawon minti 74.

Wannan duka na aike ne, na'ura ɗaya zuwa na'ura ɗaya. Saƙon rukuni a intanet Steve Deering ne ya tsara shi yana ɗalibi a Jami'ar Stanford ta Amurka, kuma takardar ƙa'ida mai lamba 1112 ta 1989 ita ce tushensa. An ware adireshi daga 224.0.0.0 zuwa 239.255.255.255, waɗanda ba na wata kwamfuta ba ne, na rukuni ne. Mai aikawa ya tura ƙunshin bayani sau ɗaya da sunan rukunin. Kwamfutar da ke so ta faɗa wa rautar unguwarsu cewa ta shiga. Rautoci su gina bishiya daga tushe zuwa masu karɓa, su riƙa yin kwafi a inda reshe ya rabu kaɗai. Ko masu kallo miliyan ne, kowace igiya kwafi ɗaya take ɗauka. Don kada saƙo ya yi ta kewaye yana ninkuwa, kowace rauta tana duba ƙofar da ya shigo: in ba ita ce ƙofar da ke fuskantar mai aikawa ba, sai ta zubar da shi, daidai da dagacin da ya ƙi baƙon jakada.

A Maris 1992 aka watsa sautin taron injiniyoyin intanet na IETF daga San Diyego zuwa wurare 20, aka haifi abin da aka kira MBONE. Da yake yawancin rautocin lokacin ba su san saƙon rukuni ba, sai aka riƙa naɗe shi cikin rigar aike a ratsa da shi ƙasar da ba ta gane shi, a kwance a wancan gefen. A Nuwamba 1994 har wasan mawaƙan Rolling Stones aka watsa daga Dalas. Sai dai dabarar farko, DVMRP, ta mai shela ce: a watsa wa kowa tukuna, wanda ba ya so ya ce a daina kawo masa. Tana yi wa ƙaramin gari, amma ba ta ɗaukar duniya. Sai aka koma wa PIM, inda babu wanda ake kai wa sai ya nema, kuma kowane rukuni yana da mahaɗa, wata rauta da masu aikawa da masu karɓa ke tararwa, kamar zauren Sarkin Maƙera.

A nan iyaka ta tsaya wa injiniyoyi a wuya. Babu kamfanin da ya yarda abokan cinikinsa su dogara da mahaɗar da ke gidan kishiyarsa. Kowa ya kafa tasa, sai mai aikawa a wannan gunduma da mai jira a waccan suka kasa sanin juna. Maganin da aka kawo ƙarshen shekarun 1990 kashi biyu ne. An faɗaɗa BGP a 1998 don ya riƙa ɗaukar taswira ta biyu, ta hanyoyin da saƙon rukuni zai iya bi. Aka kuma ƙirƙiro MSDP, wadda mahaɗar kowace gunduma ke sanar da takwarorinta cewa wane ya fara aika wa rukuni kaza. An ɗauke ta a matsayin maganin wucin gadi, amma wanda aka tsara ya gaje ta bai taɓa kafuwa ba.

Wahalhalun sun taru. Dole kowace gunduma da ke kan hanya ta kunna tsarin. Guda ɗaya ta ƙi, reshen ya mutu. In taswirar aike da ta rukuni suka saɓa, sai rauta ta ga saƙo ya shigo ta ƙofar da ba ta zata ba, ta zubar da shi shiru, mai karɓa ya zauna gaban allo babu hoto babu bayani, kuma gano inda ya maƙale sai an tara injiniyoyin kamfani uku ko huɗu da babu mai ba wani umarni. Kowane rukuni yana cin gurbi a ƙwaƙwalwar duk rautar da ya ratsa. Kowa kuma na iya aika wa kowane rukuni, ba a tambayarsa hatimi. A Janairun 2001 wata cutar kwamfuta mai suna Ramen, garin laluben na'urorin da za ta kama, ta riƙa taɓa adireshin rukuni dubu-dubu, kowace taɓawa ta zama sanarwar sabon mai aikawa, sanarwowin suka yi wa mahaɗan duniya ambaliya. Sama da duka akwai maganar kuɗi, kuma ita ce ta fi nauyi. Kamfani ya karɓi kwafi ɗaya daga maƙwabci, ya ninka shi dubu a kan igiyoyinsa, wa zai biya shi? Gidajen waya sun sasanta irin wannan a teburi. Masu intanet ba su sasanta ba, domin sayar da aike dubu ya fi musu riba a kan ɗaukar rukuni ɗaya.

Gyaran da ya fi ma'ana ya zo a makare. A tsarin da aka kammala a 2006, mai karɓa ba ya cewa a ba shi duk abin da aka aiko wa rukuni kaza. Yana ambaton sunan mai aikawa tare da rukunin, buƙatarsa ta bi hanya kai tsaye zuwa tushe, babu mahaɗa babu sanarwa. An ware masa adireshin da suka fara da 232. A 2020 IETF ta fitar da takarda mai lamba 8815, ta ba da shawarar a daina amfani da tsohon salon, na kowa ya aika, a tsakanin gundumomi. A cikin gida kuwa saƙon rukuni na nan da ransa. Da shi kamfanoni ke raba tashoshin talabijin a kan igiyoyinsu, da shi kasuwannin hannun jari ke watsa farashi ga dillalai a lokaci ɗaya, kuma duk wayar da ta lalubo talabijin ko na'urar buga takarda a kan wayfay ɗin gida, da shi ta yi kira.

Abin da ya maye gurbinsa a tsakanin gundumomi ya fi kama da wasiƙun Sakkwato. Manyan kamfanoni irin su Google da Facebook da Netflix suna ajiye rumbunan bayanai a cikin gundumomin wasu, ko a mahaɗa irin ta Legas. Kwafi ɗaya ya ƙetaro teku ta igiyoyin da suka sauka a gaɓar Legas, ya zauna a rumbu, daga nan a riƙa aika wa kowa nasa. Idan ana tafsirin azumi kai tsaye daga Kano, wayoyi arba'in a Farin Dutse suna kallo, kwafi arba'in ne ke sauka daga ƙarfen sabis ɗaya, kowa kuma datarsa ke ƙonewa. Zauren WhatsApp ma haka yake, mai magana ya tura sau ɗaya, na'urar kamfanin ta rarraba wa 'yan zaure ɗaya bayan ɗaya. Ninkawar da rautoci ba su yi ba, a ƙarshen reshe mutane ne ke yin ta. A kasuwa irin ta Sara akwai mai turi zaune da kwamfuta da tarin igiyoyin caji a rumfarsa. Ya sauke karatu ko fim sau ɗaya da daddare lokacin da data ke araha, da safe masu memori su yi layi, ya zuba wa kowa a kan 'yan kuɗi kaɗan, su kuma in sun koma ƙauye su tura wa na kusa da su ta Xender ko Bluetooth.